Sabunta Wayar Tsohuwar Fitila da Wayarin Gida: Inda Haɗarin Yake Ɓuya

Yawancin masu gyaran wuta a gida suna da ma'auni guda: a danna makunni, in ƙwai ya kama to aiki ya yi. Wannan ma'auni shi ne tushen matsala. Fitila za ta kama ko an juya wayoyinta, za ta kama ko babu wayar ƙasa, za ta kama ko wayar da aka ja ta yi wa kayan da ke kanta sirantaka. Kurakuran da ke jawo gobara ko jan wuta kusan duk ba sa hana haske fitowa, shi ya sa suke shekara da shekaru a gida ba a lura ba.

Wutar da ke shigowa gidajen Najeriya bolt 230 ce, kuma tsarin soket da filogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi an gaje shi ne daga Ingila. Wayoyi uku ne ke aiki. Akwai mai wuta, wadda masu sana'a ke kira layif. Akwai nutural, hanyar da wutar ke bi ta koma. Sai wayar ƙasa, wadda ba ta ɗaukar komai sai ranar da wani abu ya lalace. A tsohon launi, wanda har yau shi ne a bangon yawancin gidajenmu, layif ja ce, nutural baƙa, ta ƙasa koriya. A sabon launi layif ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, ta ƙasa kuma kore da rawaya. Ingila ta fara sauya launin wayar cikin bango a 2004, wayoyin kayan da ake sa wa filogi kuwa sun riga da shekaru masu yawa. Saboda haka a gida ɗaya za ka tarar da launi biyu suna haɗuwa a akwati guda. Launi dai alama ce ta abin da ya kamata a yi. Abin da wanda ya riga ka ya yi kuwa, sai gwaji ya nuna.

Kafin a taɓa komai

Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Mutum ya ga an ɗauke, ya ce bari ya yi sauri ya gyara soket kafin a kawo, a kawo kuma hannunsa na ciki. Gida na yau yana iya samun hanyoyin wuta uku: ta kamfani, ta janareta, da ta inbata mai batir da sola. Kashe babban bireka na kamfani (bireka shi ne makunnin da ke faɗuwa da kansa idan wuta ta yi yawa) ba ya kashe inbata, ita dama aikinta ke nan ta kama da zarar wutar waje ta tafi. A kashe kowacce daga tushenta, a sanar da mutanen gida, a liƙa takarda a kan akwatin bireka don kada wani ya zo ya mayar.

Sai gwaji. Testa mai kama da sukundireba, mai ɗan ƙwai a ciki, ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Cikin hasken rana ba a ganin kamawarta, idan mutum na kan busasshen tsani na katako tana iya ƙin kamawa alhali akwai wuta, wani lokacin kuma ta kama a wayar da babu komai. Mitar gwajin wuta ta hannu, mai igiyoyi biyu, ta fi. A fara gwada ta a soket ɗin da aka san yana da wuta, a auna wurin da za a yi aiki tsakanin layif da nutural, layif da ƙasa, nutural da ƙasa, sannan a sake gwada ta a wurin farko don a tabbatar ba mitar ce ta mutu a tsakani ba.

Tsohuwar fitila

Fitilar tebur ko ta tsaye ita ce wurin da ya dace mai koyo ya fara, domin da zarar an zare filogi daga bango babu sauran wuta a jikinta. Abin da ke tsufa a cikinta abu uku ne: igiyar waya, holdar da ƙwai ke zama, da makunni. A lanƙwasa igiyar kusa da holda. Idan robar ta tsage, ko ta yi tauri, ko tana marmashewa a hannu, ta gama aiki. Nan ne ta fi lalacewa saboda zafin tsohon ƙwai mai wat 60 ko 100 da ya yi shekaru yana gasa ta. Wuri na biyu shi ne inda ta shiga gindin fitilar, inda bakin ƙarfe ke cin ta sannu a hankali. Ba a yi wa irin wannan igiya faci da baƙin salatif, canza ta ake yi gaba ɗaya daga filogi har holda.

Tambayar da ke yanke irin wayar da za a saya ita ce: jikin fitilar ƙarfe ne? Idan ƙarfe ne, ko holdar ta farin ƙarfe ce ko tagulla, sai igiya mai ƙwaya uku (ƙananan wayoyi uku a ciki), kauri 0.75 (da murabba'in milimita ake awon kaurin waya), domin a haɗa wayar ƙasa da jikin. Idan katako ne ko tangaran ko roba, holdar ma roba, kuma babu wani ƙarfe da hannu zai kai gare shi, mai ƙwaya biyu ta isa. Wasu fitilun suna da tambarin murabba'i biyu, ƙarami a cikin babba. Ma'anarsa an yi musu rufi biyu tun daga masana'anta, ba sa buƙatar wayar ƙasa, amma wannan ya tsaya ne muddin an bar tsarin cikinsu yadda aka ƙera shi. 'Yar siririyar wayar nan mai launi biyu a murɗe da ake sayarwa da arha, ko wayar sifika, ba ta da wuri a jikin fitilar ƙarfe.

A ɗauki hoton yadda komai yake kafin a kwance. A cire ƙwai da hular fitila, a buɗe holda, a sassauta sukurori. Kada a yi gaggawar zare tsohuwar igiya: a ɗaura bakin sabuwar a jikinta, a naɗe da salatif siriri, sannan a ja tsohuwar daga ɗaya gefen, ita za ta jawo sabuwar ta cikin bututun. Wanda ya zare ta tun farko zai sha wahalar cusa waya mai laushi a bututu mai lanƙwasa. A duba ramin da igiya ke shiga a gindi. Dole a sa masa zoben roba, idan babu a sayo, domin bakin ƙarfe tsirara zai yanke sabuwar kamar yadda ya yanke tsohuwar.

Wajen feɗe waya, a cire babbar riga kimanin santimita 4 zuwa 5 ba tare da wuƙa ta taɓa rigar ƙananan ba. A kowace ƙwaya a buɗe tagulla milimita 6 zuwa 8, a murɗe silin su haɗu. Idan sukuru mai kai ne da ake naɗa waya a wuyansa, a naɗa ta ta ɓangaren da sukurun ke juyawa idan ana ɗaure shi, don ɗaurin ya ƙara jawo ta ciki maimakon ya turo ta waje. Sili ɗaya da ya kauce ya taɓa jikin holda ya isa ya sa duk fitilar ta ɗauki wuta. Bayan ɗauri kada a ga tagulla a waje, kada kuma sukuru ya danne roba maimakon tagulla.

Holda iri biyu ce. Mai ƙugiya, wadda ake danna ƙwai a ɗan murɗa, lambarta B22. Haƙoranta biyu na ciki duk wanda aka ba layif daidai ne. Mai zare, wadda ake murɗa ƙwai kamar murfin kwalba, lambarta E27, ita ce ke da sharaɗi: layif a harshen tsakiya can ƙasa, nutural a zaren gefe. Idan aka juya, fitila za ta kama lafiya lau, amma zaren da yatsa ke gogawa lokacin canza ƙwai shi ne zai zama mai wuta. Haka makunni, layif yake yankewa. Wanda aka sa a kan nutural zai kashe haske ya bar holda cike da wuta.

A nan akwai bambanci ga mutanen Nijar da sauran wuraren da ake amfani da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Shi ana iya cusa shi ta kowace fuska, don haka ba a san wacce ƙwaya ce za ta zama layif ba. Maganinsa makunnin da ke yanke wayoyi biyun lokaci guda, ko kuma a riƙa zare filogi duk lokacin da za a canza ƙwai.

Filogi mai ƙafa uku, idan aka buɗe murfinsa ƙafafun suna kallon ƙasa: layif a dama wajen fis (ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta idan ta yi yawa), nutural a hagu, ta ƙasa a sama a doguwar ƙafa. A yanka layif ta fi kowacce gajarta, ta ƙasa kuma a bar mata sarari, domin idan aka fizgi igiya layif ce za ta fara cirewa, ta ƙasa ta zama ta ƙarshe. Maƙallin da ke bakin filogi babbar riga yake kamawa. Sannan fis. Kusan kowane filogi da fis na am 13 ake sayar da shi (am shi ne awon yawan wutar da ke bi ta waya), igiyar 0.75 kuwa am 6 ne iyakarta, wato igiyar za ta iya narkewa fis yana nan garau. Fitila na am 3 take buƙata, kuma yana ɗaukar kaya har kusan wat 700.

Fitilun gwanjo da suka fito daga Amurka an yi su ne don bolt 120. Ƙwansu zai ƙone nan take, idan kuma akwai na'urar rage haske ko ƙaramin taransifoma a gindi, shi ma haka. Da yawa cikinsu holdar ƙarfe ce da kwali a ciki a matsayin rufi, kwalin kuma ya daɗe da ƙonewa. Abin da ya fi sauƙi a ɗauki gangar jikin kawai, a sa sabuwar holda, sabuwar igiya, sabon filogi, a ƙara wayar ƙasa.

Kafin a kai ta bango, a sa mita a wurin da take ƙara idan bakinta biyu suka haɗu. Ba ƙwai a ciki, makunni a kunne. Daga doguwar ƙafar filogi zuwa jikin ƙarfe: dole ta yi ƙara, awon kuma ƙasa da om 1 (om shi ne awon yadda abu ke tare wucewar wuta). Daga ƙafar layif zuwa jikin ƙarfe: shiru. Daga layif zuwa nutural: shiru. Daga ƙafar layif zuwa harshen tsakiyar holda: ƙara idan an kunna, shiru idan an kashe. Ana yi ana girgiza igiyar, saboda haɗin da bai zauna ba a lokacin yake tona kansa. Idan aka gama a sa ƙwan LED, wanda mai wat 9 zai ba da haske kusan na tsohon mai wat 60 ba tare da gasa holda ba.

Cikin bango

Wayarin gida lissafi ne na abu uku da dole su dace da juna: kayan da za a kunna, kaurin waya, da girman bireka. A raba wat da 230 a sami am. Butar lantarki mai wat 2000 tana jan kusan am 9, dutsen guga mai wat 1200 ya ɗan haura am 5. Abin da aka saba: waya 1.5 ga fitilu da fanka a kan bireka am 6 ko 10, waya 2.5 ga soket a kan am 20 idan layi ne miƙaƙƙe, ko am 32 idan zobe ne da ya fita daga akwati ya zagayo ya dawo. Murhun lantarki, babbar hita da babbar na'urar sanyaya ɗaki kowanne layinsa daban, waya 4 ko 6 gwargwadon nauyinsa da nisansa.

Bireka waya yake karewa. Idan yana yawan faɗuwa, yana cewa ne kaya sun yi yawa ko wani wuri ya lalace. Mafi munin abin da ake yi shi ne a cire na am 20 a sa na 32 ko 63 don a huta da faɗuwarsa, ko a naɗa waya mai kauri a madadin fis. Daga ranar wayar da ke cikin silin ita ce fis ɗin gidan.

Silin ɗin ma abin dubawa ne. Lissafin ƙarfin waya mai rigar roba an yi shi ne a kan zafin wuri digiri 30, rigar kuma iyakar juriyarta digiri 70. Idan zafin wurin ya kai 40, ƙarfin wayar ya ragu zuwa kashi 87 cikin ɗari. Idan ya kai 50, kashi 71. Duk wanda ya taɓa leƙa tsakanin kwano da silin da rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san wane lissafi ne ya shafe mu. Ga kuma ɓera. Don haka waya a silin cikin bututun roba ake jan ta, ba a cusa da yawa a bututu ɗaya, kuma layin da zai ɗauki kaya mai nauyi gara a ƙara masa kauri.

Sai jabun waya, wadda ta cika kasuwa. Iri biyu ne: wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta ba, da wadda alminiyam ce aka shafa mata tagulla. Ta biyun a kankare bakinta da wuƙa, idan fari ya fito ita ce, kuma ƙunshinta ba ya da nauyi a hannu. Alminiyam ba ya barin wuta ta wuce cikin sauƙi kamar tagulla mai kaurinsa, kusan kashi 61 cikin ɗari kawai, yana kuma sakin jiki a ƙarƙashin sukuru har haɗi ya yi sako-sako. Ta farkon kuwa awo ke kama ta: tagullar waya 2.5 mai sili ɗaya faɗinta milimita 1.78 ne, ta 1.5 kuma 1.38. A nemi mai sunan masana'anta a jikin riga da shaidar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. Kuɗin da aka rage a waya shi ne ragin da ya fi kowanne tsada, don ba a canza ta sai an fasa bango.

Gobarar lantarki ta fi farawa a mahaɗa. Inda aka murɗe waya biyu aka naɗe da salatif, ko sukurun soket ya sassauta, wuta tana wucewa da ƙyar, wurin ya ɗauki zafi, zafin ya sa tagulla ta yi baƙi, baƙin ya ƙara hana wuta wucewa, zafi ya sake ƙaruwa. Bireka ba ya ganin wannan ko kaɗan, domin am ɗin da ke wucewa bai haura ƙa'ida ba. Alamominsa: soket mai ɗumi, baƙin tabo a bakin rami, ƙaurin roba, ƙarar tartsatsi a bayan makunni, ƙwai mai ƙyaftawa idan an kunna guga. Kowane haɗi a yi shi da mahaɗi mai sukuru ko mai maƙalli, cikin akwati mai murfi, a wurin da za a iya buɗewa. A bango kuma waya tana tafiya ne a miƙe, sama ko gefe daga soket da makunni, don mai buga ƙusa ya san inda zai kauce.

Abin da ke kare mutum daban ne. Wutar da ta kai miliam 30 (miliam dubu ne am ɗaya) tana bi ta ƙirji tana iya rikita bugun zuciya, ƙaramin bireka na gida kuwa am 6 ne, ninki 200 ke nan. Mutum zai mutu bireka bai motsa ba. Na'urar da ake kira RCD, wasu su ce ELCB, tana auna abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural. Idan suka bambanta da miliam 30 ta san wuta ta bi wata hanya, ta yanke cikin ƙiftawar ido. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi aƙalla duk wata shida. Idan tana faɗuwa da damina, ruwa ne ya shiga wani soket ko fitilar waje ko famfon rijiya, kuma gano wurin ake yi, ba a tsallake ta da waya.

Wayar ƙasa ma sai an bi ta an ga inda ta ƙare. A gidaje da yawa ramin sama na soket ba a haɗa shi da komai ba, ko an ja koriyar waya har akwati an bar ta a nan. Ya kamata ta kai ga sandar da aka kafa a ƙasa, aƙalla mita 1.2, da maƙalli mai ƙarfi a ɗan rami mai murfi. Ƙasar Arewa tana bushewa ƙwarai da rani, sandar da ta yi kyau a Agusta tana iya zama ta banza a Maris, don haka da rani ya kamata a auna, kuma sau da yawa sai an ƙara tsawo ko an kafa biyu. Gishiri da gawayi da ake zubawa suna taimakawa da farko, sai dai gishirin yana wankewa, yana kuma cin sandar.

Janareta kuwa ba a haɗa shi da gida ta igiya mai filogi a kowane baki. Ƙafafun filogin da ke hannu suna da wuta tsirara, sannan wutar tana fita ta mitar kamfani ta hau layin unguwa, taransifoma ya ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta sami ma'aikacin da ke kan turke yana ganin an kashe layi. Cenji-oba, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar kamfani da ta janareta, mai yanke layif da nutural tare, shi ne hanya. Ƙananan janareta da inbata da yawa kuma nutural ɗinsu ba a haɗe yake da ƙasa ba, abin da ke iya hana RCD faɗuwa lokacin da ake kansu. Wannan sai wanda ya san na'urar ya duba.

Wata alama da ba ta jira: wasu ƙwayaye su yi haske fiye da kima, wasu su dushe a lokaci guda. Nutural ne ya tsinke a hanyar shigowa ko a turke, kuma a layi mai fes uku, wato mai layif uku, hakan na iya kai wa wasu kaya kusan bolt 400. A kashe babban makunni nan take a kira kamfani.

Canza igiyar fitila, filogi, holda, ko soket da makunni a mazauninsu bayan an kashe an gwada, mai hankali zai iya. Akwatin bireka, sabon layi, sandar ƙasa da cenji-oba aikin wanda ke da takardar shaida ne, kuma a Najeriya NEMSA, hukumar duba ingancin ayyukan lantarki, ce ke ba da ita. Mitar biyan kuɗin wuta da duk abin da ke gabanta zuwa turke na kamfanin rarraba wuta ne. Idan ma'aikaci ya ce ya gama, a nemi ya yi awo uku a gaban mai gida ya rubuta sakamakon: ƙarfin rigar waya da mita mai tura bolt 500, wanda bai kamata ya gaza megom 1 (om miliyan ɗaya) ba; isar wayar ƙasa ga kowane soket ɗaya bayan ɗaya; da awon sandar ƙasa, wanda idan ya haura om 200 sai a ƙara sanda. A kuma rubuta a jikin murfin akwati wane bireka ne ke riƙe da wane ɗaki.